Eriya a Ƙirji? Ku Gama Dariyar, Sai Mu Yi Magana

Masu karatu, musamman ku 'yan "anya kuwa?" da ba ku taɓa jin sabon abu kun ce "to" a karon farko ba. Na san ku, kun san ni. Ku ne kuka ce wayar salula ta manyan Abuja ce lokacin da ta shigo a 2001, yau ga ta a aljihun makiyayi yana cinikin sa daga rugga. Ku ne kuka rantse ba za ku taɓa tura kuɗi ta iska ba, yanzu ko mai ƙosai sai kun tambaye ta lambar asusu. To ku gyara zama, na zo muku da wata sabuwa: injiniyoyi na ƙera 'yar eriya da ba ta fi tafin hannu ba, a ɗora ta a ƙirjin mutum, ta tsegunta wa likita cewa zuciyar nan ta fara gajiya, tun shi mai zuciyar bai fara haki ba.

Ku yi dariyarku, ina jira. Tun daga nan Kano ina jiyo taubashina Bazazzagi yana ƙyaƙyatawa: "Wato mutum ya koma talabijin ke nan? In hoton bai fito ba sai a tura yaro ya hau kafaɗarsa ya juya eriyar?" Sannu da ƙoƙari, mutumin Zazzau. Ajiye dariyar a gefe kada ta huce, zan dawo kanka, don garinku na cikin wannan labari fiye da yadda kake zato.

Kafin nan bari in kwantar wa Alhaji hankali. Na ga tun da na ambaci zuciya ya dafe aljihun gaba yana waige-waige. Kada ka damu, ranka ya daɗe. Eriyar ba ta karanta abin da ke cikin zuciya. Batun ƙarin auren da kake ƙullawa a ɓoye, da bashin da ka yi niyyar mantawa, duk suna nan lafiya. Ita ko zuciyar ma ba ta kallo. Ruwa take nema, a cikin huhu.

Ga yadda abin yake. Idan likita ya ce zuciya ta gaza, ba yana nufin ta tsaya ba; tana bugawa, ƙarfin turawar ne ya ragu, kamar injin ban-ruwa da ya tsufa a fadama, yana ta ƙara amma bututun sai ɗigo. Jini kan fito daga huhu ya shiga ɓangaren hagu na zuciya, daga nan a tura shi sauran jiki. Idan hagun ya yi rauni, sai jinin ya yi layi a jijiyoyin huhu kamar motoci a gidan mai. Matsi ya ƙaru, ruwan jinin ya fara tsattsafowa cikin huhu yadda damina ke jiƙa bangon ƙasa daga tushe. Huhu kuwa soso ne, iska ya kamata ya sha. Daga nan sai mutum ya ga tafiya daga gida zuwa masallaci ta zama aiki, kwanciya rigingine ta gagara sai an jera matasai biyu ko uku, cikin dare ya farka firgigit yana neman taga, ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mutum sama da miliyan 60 ke fama da wannan a duniya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ruwan ba ya sallama. Yakan yi kwanaki, wani lokacin makonni, yana taruwa kafin mai shi ya ji a jikinsa. Ranar da aka kwaso shi ranga-ranga zuwa asibiti, ruwa ya riga ya ci gari. Da an gano tun farko, sau da yawa gyaran ƙwayar da ke sa fitsari da rage gishiri kan wadatar, mutum na gidansa. Wannan tazara, tsakanin ranar da ruwa ya fara taruwa da ranar da numfashi ya sarƙe, ita 'yar eriyar nan ke son ta cike.

"To ta yaya ƙarfe zai ga ruwa a cikin mutum, in ba tsafi ba?" Madalla da tambaya, Baba. Amma kafin in amsa, wa na gani jiya a gaban mai kankana yana ƙwanƙwasa ta da yatsa yana kasa kunne? Wa ke bubbuga tankin gidansa don ya san inda ruwa ya tsaya kafin ya kira 'yan garuwa? Ai kai ne. Kuma ba kai ka fara ba. A 1761 wani likita a birnin Biyana, Leopold Auenbrugger, ya wallafa cewa in ka ƙwanƙwasa ƙirji za ka iya bambance mai iska da mai ruwa. Ana ba da labarin cewa a masaukin baƙi na mahaifinsa ya ga ana yi wa ganguna haka. A 1816 René Laennec ya naɗe takarda a Faris ya kara a ƙirjin wata mara lafiya, daga nan aka samu abin sauraren ƙirjin da likitoci ke ratayawa a wuya. Eriyar nan jikanyarsu ce. Ƙwanƙwasa take yi, sai dai da igiyar rediyo maimakon yatsa.

Kowane abu yana da yadda yake karɓar igiyar rediyo, kuma masana sun ba abin lamba. Iska 1 ce. Kitse wajen 5. Ruwa kuwa wajen 80. Ka ga tsakanin iska da ruwa akwai tafiya mai nisa. Huhun mai lafiya galibinsa iska ce, igiyar kan ratsa shi da sauƙi. Da ruwa ya fara maye gurbin iskar, sai igiyar ta rage gudu, ta rage ƙarfi, amsa-kuwwar da ke dawowa ta canza. Eriya ta aika, eriya ta saurara, kwamfuta ta yi lissafi. Tunanin ma ba na jiya ba ne. Tun 1973 Charles Susskind na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ya kawo shawarar amfani da maikirowef wajen lura da cutar huhu, sannan Magdy Iskander da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna gwajin awon ruwan huhu da ita, farko a Yuta, daga baya a Hawayi. Wato dai tsafin ya girmi da yawa daga cikin masu yi masa dariya.

Kash, na ambaci maikirowef, ga Hajiya ta miƙe tsaye da mayafi a hannu. "Maikirowef? Irin na ɗumama shinkafa? Wallahi ba da ƙirjina ba!" Zauna, Hajiya, ba gasa ki za a yi ba. Na kicin ɗinki na zuba wat 700 zuwa 1,000 a cikin rufaffen akwatin ƙarfe, inda igiyar ke ta kai da komo ba ta da mafita sai cikin abincin. Na'urar ƙirji da miliwat take aiki, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, ko 'yan kaɗan daga cikinsu. Ita kuwa wayar da kika soke a cikin hijabi kika manna a kunne tun bayan la'asar kina ba ƙawarki labarin biki, in sabis ya yi ƙasa takan iya kai wat 2, kuma a kusan zango ɗaya take da eriyar da kike gudu. Da dare ki tura ta ƙarƙashin matashi ki yi barcinki. Kin rungumi kura kina gudun ɗan akuya.

Ƙari a kan haka, igiyar rediyo ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ba ce. Shi wannan yana da ƙarfin taɓa ƙwayoyin halitta, shi ya sa ba a yi wa mutum hoton ƙirji kullum, ake kuma kaffa-kaffa da mai ciki. Igiyar rediyo abin da aka tabbatar tana yi in ta yi yawa shi ne ɗumama nama, kuma an sa mata iyaka: a Amurka, alal misali, abin da jiki zai sha daga waya kada ya wuce wat 1.6 a kowane kilo na nama. Wannan ne ya sa za a iya awo da ita safe da yamma ba fargaba.

Yanzu ga wanda nake shakka a cikinku: mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, mai tabarau a karan hanci da ƙamshin dalma a riga. Bai yi dariya ba, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ƙaramar eriya ba ta kama tasha." Wallahi ka fi su gaskiya, maigida, kuma maganarka ita ce dukan matsalar. Ku sauran ku matso, yau mai gyara ne malaminku.

Tun kuna yara kuke jin ana cewa a kama mu a mita 49, mita 31, mita 19 gajeren zango. Kun taɓa tambayar mitar mece ce? Tsawon igiyar ne, daga tudu zuwa tudu, da mitar awo irin ta tela. Ita kuma eriya sai tsawonta ya dace da igiyar da take farauta, rabi ko rubu'i. Igiyar FM wajen mita 3 ce, rubu'inta santimita 75, shi ya sa sandar rediyonka in ka zuƙo ta duka takan kai kusan haka. Ba ado aka yi ba.

To wace igiya ce za ta shiga ƙirji? Nan ne gaba kura, baya sayaki. Gajeriyar igiya tana ba da hoto tar, eriyarta kuma 'yar mitsitsiya ce, amma nama ya cika ruwa, yana shanye ta tun ba ta yi nisa da fata ba. Doguwa tana ratsawa har can ciki, amma hotonta dishi-dishi, eriyarta kuma sai ka ce ta gidan rediyo. Masu binciken ƙirji da yawa sai suka tsaya a tsakiya, wajen megahaz 500 zuwa 1,000, inda tsawon igiyar yake santimita 60 zuwa 30. Yi lissafi da kanka. Eriyar gargajiya mai rabin igiya za ta kai santimita 30. Ga shi ba a so ta watsa ko'ina, ana so ta fuskanci ƙirji kaɗai, don haka sai an sa mata faranti a baya, da tazarar santimita 15, kamar madubin tocila. Ka ga an samu kwalin takalmi. Hoto mai kyau kuwa yana son eriya da yawa kewaye da ƙirji. Ɗaura wa tsohon da numfashi ke gagara kwalayen takalmi takwas, ka ga ko zai yi maka addu'a.

Dole a ƙanƙanta ta. Amma akwai doka, ba ta majalisa ba, ta halitta. Harold Wheeler a 1947 da Lan Jen Chu a 1948 sun nuna da lissafi cewa duk yadda ka matse eriya, to faɗin zangon da take ji zai tsuke, ko ƙarfinta ya zube. Ƙarama takan zama kamar mutumin da tasha ɗaya tak rediyonsa ke kamawa. Aikin huhu kuwa yana son mai jin zango da faɗi, domin da faɗin ne ake tantance amsar da ta dawo daga fata da wadda ta dawo daga can ciki. Ana son ƙarama, mai faɗin ji, mai kallon gaba kawai. Uku ne, kuma kishiyoyi ne. Duk wadda ka kyautata wa, biyun su yi yaji.

Dabarar da injiniyoyi suka yi, duk wanda ya taɓa naɗa rawani ya san ta. Yadi nawa ne a kan hakimi? In aka warware zai ratsa zaure, amma ga shi zaune daram a kan da bai fi ƙwarya ba. Wutar da ke gudana a kan eriya tsawon hanya take ƙirgawa, ba ruwanta da ko hanyar miƙaƙƙiya ce. Sai su zana jan ƙarfen a kan fanel yana lanƙwasa kamar lungunan cikin birni, inda za ka yi tafiyar rabin sa'a ba ka bar unguwa ɗaya ba. Su tsaga ramuka a jikin ƙarfen don wutar ta yi zagaye. Su naɗe gefunan farantin su zama ɗan akwati, bangon bayansa ya yi aikin madubin, a huta da tazarar nan. Wani lokaci su haɗa sassa biyu ko uku, kowane da zangon da yake ji, a jera su kusa da kusa har su zama zango ɗaya mai faɗi. In kuna ganin ƙarya ce, ku ciro wayarku. Ina 'yar sandar da ke leƙowa a saman wayoyin farko? Ba ɓata ta yi ba, naɗe ta aka yi aka cusa a ciki. Igiyar megahaz 900 santimita 33 ce, ga ta kuna kamawa da abin da ke shiga aljihun wando. Kuna yawo da hujjata kuna musu da ni.

Mai gyara bai gama ba. "To ai ko rediyo, in ka taɓa eriyar da hannu sai murya ta canza. Ina ga an manna ta a jiki?" Allah ya ja da ranka, wannan ma haka ne. Jiki na karkatar da saitin eriya, kuma jiki ba iri ɗaya ba ne. Na mai teɓa daban, na siriri daban. Gumi na canza lissafi, numfashi ma haka, ga haƙarƙari a tsakani. Mafi muni, kaso mai yawa na igiyar daga fata yake juyowa, ya dawo da ƙara, alhali saƙon huhu raɗa ne. Kamar ka tsaya kusa da injin niƙa kana son jin abin da ake faɗa a ɗaki na uku. Don haka ake tsara eriyar tun farko da jiki a gabanta, ba a sarari ba, kuma ake koya wa kwamfuta ta cire ƙarar fata, ta kwatanta awon yau da na jiya a jikin mutum ɗaya. Canjin shi ne labarin.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Duk a takarda ne." Gani ya kori ji, ɗan'uwa. A Jami'ar Kwinslan da ke Birisben a Ostareliya, ayarin Farfesa Amin Abbosh, tare da Sasan Ahdi Rezaeieh, sun yi shekaru suna ƙera irin waɗannan naɗaɗɗun eriya musamman don gano ruwan huhu. A 2015 sun bayyana wani gado na soso mai layi biyu na eriya a ciki, masu aiki a megahaz 700 zuwa 1,000. Mutum ya kwanta rigingine, a leƙa huhunsa ta baya. Sun gwada a kan ƙirjin roba da aka haɗa ya yi daidai da na mutum a wurin igiya, da kayan cikin dabba, sannan a kan mutane masu lafiya. Wasu kuma har sun kai kasuwa. Akwai ReDS ta kamfanin Sensible Medical na Isra'ila, wadda ta samo asali daga fasahar soja ta hango abin da ke bayan bango. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015. Ana sa na'ura ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ɓangaren dama na ƙirji, cikin minti ɗaya ko biyu ta ba da lamba: kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na ruwa shi ne daidai, abin da ya haura ya zama abin dubawa. Kamfanin ZOLL na Amurka shi ma yana da 'yar na'urar da ake mannawa a gefen ƙirji ƙasa da hammata, mutum na gidansa tana aika awon ga likita.

To, kun yi shiru. Kada ku yi saurin miƙa wuya, don akwai inda gaskiya ke hannunku, kuma ba zan ɓoye ba. Eriya na ganin ruwa, amma ba ta san dalilin zuwansa ba. Ciwon ƙoda na tara ruwa a huhu, namoniya ma haka, tarin fuka kan tara shi a kewayen huhu. Wanda zai ce zuciya ce sai likita, da tambayoyinsa, da gwajin jini, da sikanin zuciya. Ba ta warkar da kowa. Kuma in ta yi ƙara ba mai ji a ɗaya gefen, ba likitan da zai kira ka ya ce ƙara ƙwaya kaza, to ka sayi agogo ne kawai mai gaya maka lokacin da za ka sha wuya. Ni kuma Bakano, tun kafin Bazazzagi ya tsokane ni, na amsa laifina: tambayar farko da ta zo mini ita ce "nawa ne, kuma akwai ragi?" Eriyar kanta jan ƙarfe ne a kan fanel, ba ta da tsada. Kuɗin yana cikin na'urar da ke aikawa da saurare, da shekarun gwaji a kan marasa lafiya. Ban ce gobe za ku tarar da ita a asibitin sha-ka-tafi na garinku ba.

Yanzu na dawo kanka, mutumin Zazzau, ɗauko dariyar da ka ajiye. Ka san sunan garinku na cikin littattafan likitocin zuciya na duniya? A shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin mata masu jego a Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, da yawan da ya ba duniya mamaki. Sun danganta abin da kunun kanwa mai yawa, da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kada ka ce na yi maka gori, mu ma ba mu tsira ba: binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya tabbatar cutar na nan da yawa a Arewa, ya kuma nuna lamarin ya fi kunu da wanka faɗi, akwai talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Wani nazarin da aka wallafa a 2012, na marasa lafiya 1,006 a ƙasashe 9 na Afirka har da Najeriya, ya gano hawan jini ne kan gaba wajen kayar da zuciya, kuma matsakaicin shekarun masu cutar 52 ne. A Turai ciwon tsofaffi ne. A nan yana kama mai 'ya'ya a firamare.

Ka ga ke nan wanda ya fi kowa buƙatar ƙaramar na'ura ba mutumin Birisben ba ne, da asibiti ke bayan gidansa. Mai jegon ƙauye ce, wadda tsakaninta da injin hoton ƙirji akwai kuɗin mota, da ramukan hanya, da jiran a kawo wuta. Abin da ke aiki da batir, ya shiga jakar ma'aikaciyar lafiya, ya ba da lamba ɗaya da za ta ce "wannan a wuce da ita babban asibiti yau", don irinmu aka yi shi, ko da masu yin ba su san mu ba. Ɗaliban injiniya na Samaru da na Bayero, kun ji aikin da ke jiranku. Ƙasar da yara ke kwance waya su mayar a bakin titi ba ta rasa hannun da zai naɗe eriya ba.

Kafin ta iso, ku masu "anya kuwa?", ga gwajin da ba ya son eriya kuma ba ku da hujjar ƙin sa. Ku je a auna muku jini, ko ba ku jin komai, don hawan jini ba ya aiko ɗan saƙo. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi. A sassauta hannu wajen gishiri, da kanwa, da ɗanɗanon miya. Wanda likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni ya riƙa hawa sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Duk wanda ya ga matasan kansa na ƙaruwa da dare, ko mai jegon da ke haki tana kumburi, a kai su asibiti a ranar, kada a tsaya jiran arba'in.

Ku ci gaba da musu da ni, ina jin daɗinsa, kuma na fi son ku da ranku kuna yi. Kai kuma taubashi, in ka je awon jinin, ka aiko mini da lambar. In ta fi tawa kyau, shayin ranar a kaina yake.